RA'AYI: Yaran Adar masu rauni a saifa na buƙatar ƙa'ida ɗaya, daga CSI har babban asibitin Tahoua

A yankin Adar, abubuwan da ke fasa saifar yaro suna cikin hidimarsa ta yau da kullum. Jaki ya harbe shi a bakin rijiya, ko ya faɗo daga bishiyar gawo yana kaɗo wa awaki abinci, ko amalanke ya kife da shi a hanyar gona, ko ɗan kabu-kabu ya banke shi a cikin garin Tahoua yana dawowa daga makaranta. Da damina kuma katangar laka kan rufto wa yara. Sau da yawa ba a ganin jini a waje, babu karaya, yaron ma yakan tashi ya yi tafiya da ƙafarsa. Jinin yana zuba ne a cikin ciki, inda ido ba ya kaiwa.

Abin da aka yi wa irin wannan yaro cikin awa 24 na farko shi ke nuna ko zai rayu, kuma ko zai rayu da saifarsa. Bai kamata lamari mai nauyi haka ya dogara da wanda aka tarar yana aikin dare ba, ko da makarantar da ya yi karatu. Ya dace hukumar kiwon lafiya ta jihar Tahoua ta zauna da likitocinta ta fitar da gajeriyar ƙa'ida guda ɗaya, wadda za a liƙa a bangon kowace cibiyar lafiya ta CSI, da kowane asibitin gunduma, da babban asibitin jiha da aka fi sani da CHR. Ƙa'idar ta fayyace lokacin da za a kwantar da yaro a sa masa ido, da lokacin ƙarin jini, da lokacin da wuƙar likita ta zama dole.

Darajar saifa a wannan yanki

Saifa tana can sama a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. A jikin yaro haƙarƙarin yana da laushi, naman ciki ba shi da kauri, don haka bugun da babba zai shanye yana iya tsaga saifar yaro. Ita da hanta su ne kayan cikin da suka fi jin rauni idan yaro ya bugu. A inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu kuma, saifar yara da yawa takan kumbura ta sauko ƙasa da haƙarƙari, sai ta rasa ɗan kariyar da take da ita.

Aikin saifa shi ne tace jini. Tana cire tsofaffin ƙwayoyin jini da waɗanda cutar maleriya ta shiga, tana kuma yaƙar wasu ƙwayoyin cuta masu kauri a baya, waɗanda ke haddasa ciwon huhu da sanƙarau da gurɓacewar jini. Tun a 1952 likitoci biyu a Amurka, King da Shumacker, suka ja hankali kan jariran da aka cire wa saifa suka kamu da mummunar cuta a jini. Daga baya aka tabbatar cewa wannan haɗari yana bin mutum har ƙarshen rayuwa, ya fi tsanani ga ƙananan yara da kuma a shekarun farko bayan tiyata, kuma idan cutar ta tashi tana iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Idan wannan gargaɗi ne ga yaron Turai, ga yaron Adar ya fi gargaɗi. Jihar Tahoua tana cikin yankin Sahel da sanƙarau ke bi da rani, maleriya kuma ta biyo bayan ruwan sama. Yaron da aka sallama zuwa Takanamat ko Barmou ba tare da saifa ba zai fuskanci waɗannan cututtuka duk shekara da rabin makaminsa.

Yadda likitoci suka sauya hanya

Shekaru da dama likitocin duniya sun ɗauka cewa saifar da ta tsage maganinta a cire ta. A asibitin yara na Toronto a ƙasar Kanada aka fara kauce wa wannan, inda a 1968 Upadhyaya da Simpson suka wallafa bayanin yaran da aka kwantar aka lura da su, jinin ya tsaya da kansa, suka warke ba tare da an buɗe cikinsu ba. A yau, a asibitocin yara masu kayan aiki, fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da saifarsu ta ji rauni suna warkewa ba tare da tiyata ba.

A shekarar 2000 ƙungiyar likitocin tiyatar yara ta Amurka, APSA, ta fitar da ƙa'ida wadda ta jingina komai da girman raunin kamar yadda na'urar CT ta nuna, wadda a Nijar aka fi sani da sikana. An kasa raunin mataki 5, kuma matakin shi ke faɗin kwanakin da yaro zai yi a gado. Sai dai a 2015 wata gamayyar asibitocin yara a Amurka mai suna ATOMAC ta zo da wata ƙa'idar da ta mayar da hankali kan yaron kansa: bugun zuciyarsa, ƙarfin jininsa, da ko jinin jikinsa yana raguwa. APSA ma ta sabunta tata ta karkata zuwa can.

A nan ne darasin yake ga Tahoua. Lokacin da likitocin Toronto suka fara wannan hanya, ba a ma ƙirƙiro sikana ba, domin sai a 1971 aka ɗauki hoton majinyaci na farko da ita a Landan. Da hannu da ido da agogo suka yi aikin. Haka a farkon shekarun 1980 likitoci a Papua New Guinea, ƙasa mai fama da maleriya da ƙarancin kayan aiki, suka nuna cewa ko saifar da maleriya ta kumbura tana iya warkewa ba tare da an cire ta ba. A Zariya ma, Farfesa Emmanuel Ameh, lokacin yana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi rubutu kan raunin saifar yara tun a ƙarshen shekarun 1990. Ke nan batun ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kuma rashin babbar na'ura ba hujja ba ce ta cire saifar kowane yaro.

Hujjar masu taka-tsantsan

Akwai likitocin da za su ce jira a gadon asibiti dabara ce ta masu hali. Maganarsu tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Sa ido kan yaro mai zubar jini a ciki yana buƙatar ma'aikacin jinya da zai duba shi dare da rana, da ɗakin gwaji mai aiki ƙarfe 3 na dare, da jini a firji, da likitan tiyata da mai sa barci da za a iya tarawa cikin mintuna. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, jira na iya zama ajali. Yaro mai rai ba saifa ya fi gawa da saifa, babu mai musun wannan.

Nisa ma abin dubawa ne. Daga Abalak zuwa Tahoua ya haura kilomita 100, Tchintabaraden ta fi haka nisa, Tassara da Tillia kuwa ba a magana, ga kuma dokar ta-ɓaci da aka kafa a gundumomin biyu tun 2017 saboda matsalar tsaro, abin da ke sa tafiyar dare ta zama wani tashin hankali. Yamai, inda asibitin Amirou Boubacar Diallo na Lamorde ke da sashen tiyatar yara, tana nesa da fiye da kilomita 500. A 2015 kwamitin mujallar Lancet kan tiyata a duniya ya sa burin cewa mutum ya iya isa asibitin da ke buɗe ciki cikin awa 2. Ga yaron makiyayi a arewacin jihar, awa 2 ba ta ma kai shi bakin kwalta wani lokaci.

Amma wannan hujja, idan aka duba ta da kyau, tana goyon bayan a rubuta ƙa'ida ne. Ƙa'idar da aka yi don Tahoua za ta faɗi sarai cewa asibitin da ba shi da jini ko ma'aikatan sa ido kada ya yi caca da ran yaro. Za ta kuma faɗi cewa asibitin da yake da su kada ya garzaya da yaro ɗakin tiyata don kawai eko ya nuna jini a cikinsa alhali bugun zuciyarsa lafiya lau. Likita matashi da aka tura gunduma shi kaɗai yana buƙatar takardar da za ta tsaya masa, ko ya yi tiyata ko ya jira.

Abin da ya kamata ƙa'idar ta ƙunsa

Matakin farko shi ne CSI, domin can ake fara kai yawancin yara. Duk yaron da ya bugu a ciki ko a haƙarƙarin hagu, yana kukan ciwon ciki ko ciwo a kafaɗar hagu, a ɗauke shi a matsayin mai rauni a saifa har sai an tabbatar da akasin haka. Ma'aikaci ya ƙirga bugun zuciya, ya duba farin ido da tafin hannu, ya taɓa ƙafafu ya ji ko sun yi sanyi. Awon tansiyo kaɗai yana yaudara, saboda jikin yaro yana riƙe ƙarfin jini har sai ya rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na jininsa, sannan ya faɗi gaba ɗaya. Bugun zuciyar da ya dace ya bambanta da shekaru, don haka a buga jadawalinsa a jikin takardar. A sa wa yaron allurar ƙarin ruwa, a hana shi ci da sha, a kira asibitin gunduma ta waya kafin mota ta tashi, a rubuta lokacin da abin ya faru da duk awon da aka yi a takardar da za ta bi shi.

A asibitin gunduma tambaya ɗaya ce: yaron yana daidaita ko yana ci gaba da zubar jini? Ƙa'idojin duniya sun ba da lambobi masu sauƙin riƙewa. A fara da ƙarin ruwa mililita 20 kan kowane kilo na nauyin yaro. Idan bai farfaɗo ba a koma ga jini, kada a yi ta ɗura ruwa. Ana ƙarin jini idan awon himogulobin ya sauka ƙasa da 7, ko idan alamun zubar jini sun bayyana. Idan jinin da aka ƙara ya kai mililita 40 kan kowane kilo kuma yaron bai daidaita ba, jira ya ƙare. Ga yaro mai kilo 20, wanda jinin jikinsa duka bai wuce lita ɗaya da rabi da 'yan kai ba, wannan na nufin an maye rabin jininsa.

Nan ne likitocin Tahoua za su gyara lambobin su dace da gida. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara 5 suna da ƙarancin jini. Yaron da ya zo da awo ƙasa-ƙasa wataƙila haka yake tun kafin ya faɗi, don haka awo ɗaya ba ya isa, sai an maimaita an ga inda ya dosa. Haka kuma asibitin da leda biyu kaɗai ke cikin firjinsa ba zai jira har mililita 40 ba, dole a sa masa iyaka ta ƙasa da haka. Yaro mai sikila kuma saifarsa na iya kumbura ta tara jini ko ba bugu, wannan ma a ba shi layinsa a takardar.

Ƙaramar na'urar eko da ake ɗauka a hannu tana nuna jini a cikin ciki cikin mintuna, kuma koyar da likita ko ma'aikacin jinya duba wannan ba ya ɗaukar watanni. Sai dai a rubuta cewa eko na iya kuskuren ƙaramin rauni, don haka yaron da ke da alamomi a kwantar da shi ko da hoton bai nuna komai ba. Galibin yaran da jira ba ya yi musu aiki suna nuna haka ne cikin awa 24 na farko, saboda haka a wannan lokaci gadonsu ya kasance kusa da teburin ma'aikatan jinya, da takardar awo a rataye.

Idan tiyata ta zama dole, buɗe ciki ba ya nufin cire saifa kai tsaye. Ana iya ɗinke ta, ana iya yanke ɓangaren da ya lalace a bar sauran. Nijar tana da tsarin horar da likitoci na gama-gari kan tiyatar gunduma tun tsakiyar shekarun 2000, kuma asibitin Galmi, wanda ke aiki a jihar tun 1950, yana horar da likitocin tiyata. Ya kamata ɗinkin saifa ya shiga cikin abin da ake maimaita musu, tare da likitocin CHR.

Bayan sallama

Yaron da ya warke ba tiyata yana buƙatar hutu. Ƙa'idar APSA ta ce a ƙara mako 2 a kan matakin raunin, wato rauni mataki na 3 hutun mako 5. Inda ba a yi sikana ba, mako 6 ma'auni ne mai sauƙi. Amma kalmar hutu ba ta isa ba, sai an faɗa wa iyaye da Hausa ko Tamashek ko Fulatanci abin da ake nufi: ba kokowa, ba ƙwallo, ba langa, ba hawan jaki ko bishiya, ba jan guga. A garin da yara ke tasowa da burin ɗaukar takobin kokowa, wannan sai an nanata.

Wanda aka cire wa saifa kuwa, nauyinsa ya fi yawa. Yana buƙatar rigakafin ƙwayoyin ciwon huhu da sanƙarau kimanin mako 2 bayan tiyata, ko kafin sallama idan ana shakkar dawowarsa. Nijar ta shigar da rigakafin Hib cikin alluran yara a 2008, na sanƙarau nau'in A ya zo a 2010, na ciwon huhu a 2014, amma an tsara su ne don jarirai da gangami. Haka maganin rigakafin maleriya da ake rabawa gida-gida da damina, tun asali na 'yan wata 3 zuwa 59 ne. Yaro ɗan shekara 9 da aka cire wa saifa ya faɗa tsakanin waɗannan shirye-shirye. Ƙa'idar ta buɗe masa ƙofa: a ba shi alluran, a ba shi ƙwayar penisilin ta kullum na tsawon lokacin da likitoci suka tsayar, a ba shi gidan sauro da maganin damina, a kuma ba shi kati da ke cewa ba shi da saifa. Uwarsa ta san cewa zazzaɓi a jikinsa na gaggawa ne, ranar da ya fara ake zuwa asibiti.

Jini da kuɗi

Duk abin da aka lissafa a sama jini ne ginshiƙinsa. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da maleriya ke cika ɗakunan yara, ledar jini ɗaya tana da masu jira da yawa, ga kuma mata masu haihuwa. Dogaro da dangi su ba da jini a ranar da abu ya faru yana da rauni na musamman a Adar, inda magidanta da samari da yawa ke tafiya bida zuwa Abidjan ko Libiya ko Najeriya, a bar mata da tsofaffi a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ledar jini tana ajiyuwa har kwana 35 a firji mai sanyin digiri 2 zuwa 6, saboda haka firji mai aiki da hasken rana da jerin sunayen masu ba da jini na sa-kai, waɗanda aka san rukunin jininsu da lambar wayarsu, abu ne da kowace gunduma za ta iya. Ɗaliban jami'ar Tahoua, da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu, da limamai a huɗubar Juma'a duk suna da rawar takawa.

Sai kuɗi. Tun 2006 ake duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati, kuma daga ranar 1 ga Satumban 2024 an rage kuɗin ayyukan asibiti da rabi. Matakai ne masu kyau, sai dai yaron da ke hawan bishiya ko bin dabbobi galibi ya wuce shekara 5. Kwana huɗu ko biyar a asibiti, da gwaje-gwaje da abincin mai jinya, na iya sa iyaye su ɗauke yaro tun jinin bai gama tsayawa ba, musamman da yake ba su ga an yi masa tiyata ba. Ƙa'idar ta ce a fara magani kafin a tambayi rasit, kuma a zauna da iyaye a bayyana musu cewa kwanciyar ita ce maganin. Batun man motar ɗaukar marasa lafiya ma yana da misali a gida, domin a gundumar Keita an taɓa gwada tara dala 20 daga masu zuwa ganin likita don ɗaukar nauyin kai majinyata babban asibiti. Ko ta wannan hanya ko ta kasafin ƙananan hukumomi, kada yaro ya kwana a CSI saboda kuɗin mai.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan jama'a. Yaron da ya faɗo ya karye a hannu akan wuce da shi wurin maɗori, a ɗaure hannun a manta da cikin. Wani a saya masa aspirin ko diklofenak wurin masu tallar magani, alhali irin waɗannan magunguna suna hana jini daskarewa da wuri. Wani a yi masa tsaga a gefen ciki da sunan maganin saifa. Maɗora da wanzamai mutane ne da ake jin maganarsu, kuma idan aka koya musu alamomi uku ko huɗu, su ne za su fara cewa a tafi asibiti. Gidajen rediyon Tahoua da na karkara za su iya isar da wannan saƙo a shirye-shiryensu na lafiya.

A ƙarshe, kowane asibiti ya ajiye littafi ɗaya da za a rubuta duk yaron da ya zo da rauni a ciki: abin da ya same shi, awa nawa ya yi kafin ya iso, jini nawa aka ƙara masa, an yi tiyata ko ba a yi ba, ya fita da saifa ko babu. Duk bayan wata 6 likitocin jihar su zauna su duba littattafan, su gyara ƙa'idar inda ta gaza. Ta haka asibitocin Amurka suka gano cewa ƙa'idarsu ta 2000 tana tsare yara a gado fiye da kima, suka sauya ta.

Wannan aiki bai buƙatar sabon gini ko jiran tallafi daga waje. Taron kwana biyu ne tsakanin likitocin tiyata da na yara da masu sa barci da ma'aikatan jinya da na cibiyar jini, sai takarda mai shafi biyu da sa hannun daraktan lafiya na jiha, sai bin diddigi. Idan Tahoua ta yi, Agadez da Diffa masu irin wannan nisa za su sami abin koyi. Ya kamata a yi shi kafin damina mai zuwa, lokacin da jini zai sake yin ƙaranci kuma hanyoyin karkara su yanke.